Makarantar Baƙi: Tarihin Ƴar Lakwal ta Baptis a Cikin Gari



A farkon hutun damina na bara na raka kawuna Kano sarin kayan babur. Mu nan an rufe lakwal, su can ba su samu hutu ba tukuna. Muna fitowa daga kasuwar Sabon Gari da kwali a kai, sai muka yanke ta wani layi daidai lokacin tashin yara. Wata ƴar ƙofar ƙarfe ta buɗe, yara suka ɓarko kamar an kwance awaki daga turke. Ginin bai fi aji shida ba, yana manne da coci, a bango kuma ga sunan Baptis da fentin da rana ta cinye. Abin da ya tsayar da ni shi ne, cikin ƴan matan da suka fito akwai masu hijabi.

Na ce, "Kawu, wannan ba makarantar Nasara ba ce?"

Ya ce, "Wane Nasara? Ta Yarbawa ce, ɗana. Taho mu tafi, mota ba ta jiran kowa."

Mun kama mota, amma maganar ta biyo ni har Gure. Ni dai a sanina, duk makarantar da ke jikin coci Bature ne ya gina ta. Da na shiga littattafan tarihi sai na tarar kawu ya fi ni gaskiya, shi da bai taɓa zama a benci ba. Abin da na samo ke nan na kawo muku.

Su wane ne ƴan Baptis?

Baptis reshe ne na Kiristocin da ake kira Furotesta. Asalinsa wasu mutanen Ingila ne da suka ƙi bin cocin sarki, suka gudu zuwa birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda wani mai suna John Smyth ya kafa jama'arsu ta farko a 1609. Abu biyu cikin aƙidarsu ya shafi zancenmu. Na farko, ba sa yi wa jariri baftisma, wato wankan shiga addini. Sai mutum ya yi wayo ya furta da bakinsa. Wanda zai furta da bakinsa kuwa, a ganinsu, dole ya iya karanta littafin da idonsa. Na biyu, ba su da wani babban shugaba irin Paparoma da zai aiko da umurni daga sama. Kowace ikilisiya ita ke zaɓen fastonta, ita ke tara kuɗinta, ita ke yanke abin da za ta yi da su. Ku haɗa biyun, za ku gane abin da ya sa makarantarsu takan zama ƙarama kuma a jikin coci: mutanen wurin ne suke gina ta daidai ƙarfin aljihunsu, don ƴaƴansu su iya karatu.

Abokin Smyth, Thomas Helwys, ya koma Ingila ya rubuta littafi a 1612 ya aika wa Sarki James na ɗaya. A ciki ya ce sarki ba shi da ikon hukunta mutum a kan addininsa, kuma ya ambaci Musulmi da Bayahude cikin waɗanda wannan haƙƙi ya shafa. Sarki ya jefa shi kurkuku, a can ya mutu. Ku riƙe sunansa, zan dawo kansa.

Kada kuma mu wanke su tas. A 1845 ƴan Baptis na Amurka suka rabe biyu a kan bauta, na kudu suka ware saboda suna so a bar mai bayi ya zama ɗan mishan. Wannan ɓangare na kudu shi ne ya aiko da mutum zuwa Afirka ta Yamma bayan shekara biyar.

Daga bakin teku zuwa Ogbomosho

Mutumin shi ne Thomas Jefferson Bowen, wanda ya sauka Badagry a 1850. Don ku gane zamanin, shekara biyu bayan haka ne, a ƙarshen 1852, Bajamushen nan Barth da ake kira Abdulkarim ya ratsa ta nan Gure, lokacin Muniyoma Koso, a hanyarsa ta zuwa Damagaram. Bowen ma zuciyarsa tana can cikin ƙasa, wajen manyan garuruwan Musulmi. Ya kai Ilori a 1855, amma sarki bai ba shi izinin zama ba. Sai ya tsaya a ƙasar Yarbawa, garin Ogbomosho ya zama cibiyarsu. A Legas kuma, cikin shekarar 1855 ɗin, aka fara makarantar da ake kira Baptist Academy a yau.

Ba a daɗe ba Yarbawan suka gaji da zama ƙarƙashin Bature a cikin coci. A 1888 wasunsu suka ɓalle a Legas suka kafa ikilisiyarsu mai cin gashin kanta. Cikinsu akwai wani malamin makaranta, David Brown Vincent, wanda daga baya ya yar da sunan Turawa ya koma Mojola Agbebi. A 1914 ikilisiyoyin suka haɗu a Ibadan suka kafa ƙungiya ɗaya, Agbebi ya zama shugabanta na farko, a 1919 kuma ta ɗauki sunan Najeriya baki ɗaya. To kun ga, kafin Baptis ta hau arewa ta riga ta zama abin hannun baƙar fata.

Jirgin ƙasa da Sabon Gari

Da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba. Saboda haka aka hana ƴan mishan shiga biranen sarakunan Musulmi sai nan da can. Likita Mila na cocin Ingila ya samu zama cikin birnin Zariya, amma shi ma a 1929 aka mayar da aikinsa Wusasa, bayan gari. Makarantar boko ta gwamnati kuwa, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ta ƴaƴan sarakai da malamai ce.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ya kwaso akawu da kafinta da tela da ɗan kasuwa daga kudu, da Saliyo, da Gwalkwas wadda muke kira Gana yanzu. Turawa ba su so su cakuɗa su da mutanen birni, sai suka yanka musu fili a bayan ganuwa wajen 1913. Shi ne Sabon Gari. Irinsa ya tsiro a Zariya da sauran garuruwan da dogo ya ratsa, kuma a 1930 dogon ya kai Nguru, nan ƙofar gidanmu.

Cikin baƙin nan akwai fataken Yarbawa, da yawa daga Ogbomosho, wasu Musulmi wasu ƴan Baptis. Ɗan Baptis ba ya jiran a aiko masa da fasto. In sun kai goma sai su taru a shagon ɗayansu ran Lahadi. In sun ƙaru sai su kafa rumfa, su fara tara baiko. Da ƴaƴa suka taso, ga makarantar gwamnati ba tasu ba ce, ga gida da nisa, sai rumfar Lahadi ta zama aji daga Litinin zuwa Juma'a. Wanda ya ɗan yi karatu a cikinsu shi ne malami, albashinsa daga baiko da ɗan abin da iyaye suke biya. Haka irin waɗannan makarantun jeka-ka-dawo suka tsiro a Jos da Kaduna da Minna da Kano. Dokar da ta hana Baturen mishan shiga ba ta hana bafatake ba, don shi da kayan sayarwa ya zo.

Ga shi kuma unguwar baƙi ba ta addini ɗaya ba ce. Maƙwabcin ɗan Baptis Bayarabe ne Musulmi, watakila ma ɗan'uwansa ne na jini, don a ƙasar Yarbawa gida ɗaya yakan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Ga Banufe, ga Bahaushen da ya zo ci-rani ya zauna. Duk wanda ya ga ɗan maƙwabci ya iya rubuta wasiƙa da lissafin bashi, shi ma sai ya tura nasa. Daga nan makarantar coci ta zama makarantar unguwa.

Kada ku raina irin wannan ƴar makaranta. Olusegun Obasanjo ya yi firamare a irinta a unguwar Owu ta Abeokuta, daga nan ya wuce sakandaren Baptis ta garin, inda Mashood Abiola, Musulmi, shi ma ya yi karatu. Abin mamaki, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 gwamnatocin jihohi suka yi ta karɓe makarantun mishan, aka canza wa da yawa suna, kuma a hannun Obasanjo ɗin ne aka ƙaddamar da firamare kyauta ga kowa a 1976. Wasu ikilisiyoyi daga baya suka sake buɗe nasu na kuɗi, wasu jihohi kuma suka mayar da waɗanda aka karɓa.

Mu kuma a ɓangaren Faransa

To me ya sa mu a jahar Damagaram ba mu saba ganin irinta ba? Ai mu ma muna da Sabon Gari a Damagaram, ban da Birni da Zango, kuma fataken Yarbawa sun daɗe a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Dalili na farko, ba ƴan Baptis ne suka fara zuwa gabas ba. Mishan ɗin da ya sauka Damagaram a 1924, lokacin tana babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926, shi ne SIM, gamayyar Furotesta iri-iri masu jin Ingilishi, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893. Daga Damagaram suka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, a 1950 kuma asibitin Galmi da kowa ya sani. Ƴan mishan na Baptis sun shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1920, amma can yamma suka zauna, wajen Yamai da bakin kogi. Katolika kuma suka kafa a Yamai a 1931. Mu dai duka "mishan" muke ce musu, ba ma bambancewa.

Dalili na biyu shi ne doka. Bafaranshe bai ɗauki lakwal da wasa ba, don ita ce masana'antar da yake ƙera akawu da tafinta. A 1922 aka fitar da doka a duk Afirka ta Yamma ta Faransa cewa makaranta mai zaman kanta sai da izini, kuma da Faransanci kaɗai za ta koyar. Su kuwa mutanen SIM Ingilishi suka taso da shi, Hausa suka koya, kuma da Hausa suke aiki, musamman da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Abin da suka iya yi shi ne ajin koyon karatun Hausa da baƙaƙen boko, wanda ba ya ba da sartifika, ba ya kai yaro ko'ina a idon kumandan. Ga shi Faransawa suna yi musu kallon ƴan leƙen asirin Ingila, balle lokacin yaƙin duniya na biyu. Bafataken Bayarabe ma haka: karatun da ya sani na Ingilishi ne, nan kuwa ba ya ci a kasuwa.

Na uku, SIM ɗin kanta ba ta ɗoki makaranta ba. Wa'azi ta sa a gaba, tana tsoron boko ya ɗauke hankalin mabiyanta zuwa aikin gwamnati. Kiristocin ƙasa ne suka yi ta matsa lamba a ba ƴaƴansu ilimin da zai fisshe su, har aka samu firamare a Tsibiri. Da aka samu ƴancin kai suka tsayar da ikilisiyarsu ta ƙasa, wadda ake kira EERN. Nan ma dai, kamar a Sabon Garin Kano, iyaye ne suka fi Bature son makarantar.

Sakamakon duk wannan, da ƙyamar da kakanninmu suka yi wa lakwal, da rowar da Faransa ta yi wajen gina ta, shi ne a 1960 yaran Nijar da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ƴan ƙalilan da suka yi nisa, irin su Diori Hamani da Bubu Hama da Jibo Bakari, sai da suka tafi William Ponty a Senegal. Karatu da harshen gida da dokar 1922 ta toshe kuwa, sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A 2025 ne Hausa ta zama harshen ƙasa a rubuce.

Tsoron kakanninmu

Wani zai ce, to kakanninmu da suka ɓoye ƴaƴa a rumbu don kada a kai su lakwal, jahilci ne? A'a. Suna da nasu karatun, na allo da na zaure, suna rubutu da ajami da Larabci tun kafin Bature ya san hanyar Tafkin Chadi. Tsoronsu kuma yana da tushe. Ɗan mishan bai ɓoye nufinsa ba: ya buɗe aji ne don yaro ya karanta littafinsa, kuma a Zariya wasu yaran da suka shiga hannun Likita Mila sun bar addinin iyayensu. Lakwal ta gwamnati kuma da ƙarfi ake ɗibar yara, kamar yadda ake ɗibar mutane aikin tilas. Uban da ya ce a'a ya san abin da yake karewa.

Yau kuma sai ga jikokinsu suna kai ƴaƴa makarantar mishan da ƙafarsu, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, har da biyan kuɗi. In ka tambaye su za su ce maka aji ba cunkoso, mushe yana zuwa kullum, ba yajin aiki, kuma akwai rufin kwano. Mu da muka yi CI a rumfar zana mun san abin da suke nufi. Mun kuma tuna gobarar Afrilun 2021 a wata lakwal a Yamai da ta ci yara 20, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar da ta ci fiye da haka, duka a azuzuwan zana. Uba Musulmi yana da haƙƙin ya shiga ofishin direkta ya tambayi abin da ake koya wa ɗansa game da addini, kuma makarantar da ke son zama lafiya da unguwa za ta ba shi amsa a fili. Amma akwai wata tambayar da ta fi wannan ciwo: ɗan wanda ba shi da kuɗin biya fa? Shi yana nan cikin zana.

Janairun 2015

Ba zan iya rufe wannan tarihi ban taɓo ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ba. Wata jarida a Faransa, Charlie Hebdo, ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ran kowane Musulmi ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Amma a Damagaram fushin ya sauka kan coci-coci da makarantar mishan da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, har da ɗakin karatunta. Nan Gure ma wutar ta iso. Washegari Yamai ta kama, inda hukuma ta ƙirga coci 45 da aka ƙona. Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu. Mai zanen yana Paris, ko hayaƙin bai shaƙa ba, kuma jaridar tasa ta sha zagin addinin Kirista shi ma. Waɗanda suka kwana a barikin soja maƙwabtanmu ne, masu jin Hausa da Barbarci kamar mu. An kuma samu Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu a ranar, Allah ya saka musu.

Da yawanmu muna ƙanana a lokacin. Amma waɗanda suka ɗauki fetur ɗin matasa ne, shekarunsu kamar namu na yau. Na tabbata akasarinsu abin da na ɗauka a Sabon Gari shi suka ɗauka: duk abin da ke jikin coci na Nasara ne. Da sun san tarihin, da sun san bencin da suke ƙonawa guminsu tela da kafinta da mai sayar da kayan babur ne, kuma ƙannensu na iya kasancewa cikin masu zama a kai. Can Najeriya ma, a Yulin 2021, ƴan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 100 daga sakandaren Bethel ta Baptis a jihar Kaduna, kamar yadda suka kwashe na Kankara da Jangebe, da ƴan Islamiyyar Tegina. Mai cin makaranta ba ya duba allon ƙofa.

Nan ne Helwys ya dawo mini a rai. Mutumin ya mutu a kurkuku yana cewa sarki ya bar Musulmi da addininsa, a ƙasar da ba kasafai ake ganin Musulmi ba. Mu kuma da muke da rinjaye a nan, littafinmu ya riga shi hana tilas a addini da shekaru kusan dubu. Ƴar makarantar da ke jikin coci a garin Musulmi ba ta da soja, ba ta da ganuwa. Maƙwabta ne kaɗai katangarta.

Abin da ya rage gare mu

Abin da na fi ɗauka a tarihin nan shi ne yadda aka yi ginin. Baƙi ne, a bayan ganuwa, gwamnati ba ta san da ƴaƴansu ba. Ba su jira kumandan ba, ba su jira wani furoje daga waje ba. Sun tara sisi da kwabo ran Lahadi har rumfa ta zama aji. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: haka ake gina masallacin unguwa, haka ake ciyar da almajirai, haka ake gayya a gona. Abin da ba mu saba ba shi ne mu ɗauki lakwal ta unguwa a matsayin tamu. Muna ce mata "ta gwamnati", sai mu wuce ta gefen katangar da ta faɗi. Alhali kowace lakwal tana da kwamitin iyaye, kuma yawancinmu mun iya buga tubali.

Da na gama rubutun nan na kai wa kawu a shago, na karanta masa tun daga Amsterdam har Tsibiri. Ya saurara yana ƙirga bujin babur a kwali. Da na kai ƙarshe sai ya ɗago ya ce, "Madalla, ɗana. To ku da kuka yi karatun, aji nawa kuka gina?"

Ban ba shi amsa ba. Na kawo muku tambayar, mu tattauna ta a zamanmu na gaba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.